Kaizen, Six Sigma ko ISO 9001: wanne za ka biya wa kuɗi a Legas?

Duk mai kamfani a cikinmu, daga masu tireloli a Apapa har masu gidan ruwan leda a Agege, ya sha ganin masu tallar horon inganta aiki. Tsari uku suka fi yawo da su.

Ni dai Kaizen nake ba kowa shawara. Daga Japan ya fito, Toyota ce ta yi suna da shi. Gyara ne kaɗan-kaɗan kullum, kuma daga bakin mai yin aikin shawarar take fitowa, domin direban da ke kwana a layin shiga tashar Apapa ya fi manaja sanin inda man dizal ke zurarewa. Ana farawa da matakai biyar da ake kira 5S: a fitar da tarkace, kowane kaya a ba shi mazauninsa, a share, a kafa ƙa'ida, a ɗore a kai. Kuɗinsa kaɗan ne, wahalarsa tana wuyan maigida. Idan yaro ya faɗi matsala aka daka masa tsawa, gobe zai ja bakinsa, shi ke nan tsarin ya mutu. Shi ya sa nake duba mai horarwa tun ranar farko. Na kirki sito zai nufa ya tsaya da lebura, ba ɗakin taron otal a Ikeja ba.

Six Sigma, wanda Motorola ta ɓullo da shi a 1986, tsari ne na rage kurakuran aiki ta hanyar lissafi, na manyan masana'antu masu injiniyoyi. Mai ma'aikata ashirin ya bar shi.

ISO 9001, ƙa'idar duniya ta ingancin tsarin aiki da ake ba kamfani takardar shaida a kanta, tana da amfani idan kana neman kwangila a manyan kamfanoni, amma a nan macuta suka yi sansani. Wani ya taɓa karɓar kuɗina ya kawo mini takarda mai tambari, alhali ko ƙofar sitona bai taka ba. Ku sani, ƙungiyar ISO da ke Geneva ba ta ba kowa takardar shaida da kanta. Hukumomin tantancewa ne ke bayarwa, irin su SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki a nan Najeriya, bayan sun zo sun binciki aikinka. Ta gaskiya shekara 3 take yi, kuma duk shekara masu bincike suna dawowa. Wanda ya ce zai horar da kai, shi ne kuma zai tantance ka, ka sallame shi. Wanda ya ce sati ɗaya ta fito, shi ma haka. Ka nemi sunan hukumar da za ta sa hannu, ka tuntuɓe ta da kanka, ka je kamfanin da mai horarwar ya yi wa aiki a baya ka tambayi ma'aikatan, kuma kada ka biya kuɗin gaba ɗaya kafin masu bincike su zo.