Zapier: Sauƙin Farawa, Tsadar Ɗorewa

Zapier manhaja ce ta intanet da wani kamfanin Amurka ya fitar a shekarar 2012, kuma aikinta shi ne haɗa manhajoji daban-daban domin su riƙa miƙa wa juna bayanai ba tare da ma'aikaci ya zauna yana kwafa da hannu ba. Kowane tsari da aka gina a cikinta ana kiransa Zap, kuma yana farawa ne da wani abu da ke tayar da aikin, sannan matakai su biyo baya. Idan abokin ciniki ya cike fom a Google Forms, alal misali, sai sunansa ya shiga Google Sheets, a aika masa da saƙo ta Gmail, a kuma sanar da masu sayarwa ta Slack, manhajar da ma'aikata ke tura wa juna saƙo.

Na yi watanni ina amfani da ita wajen karɓar odar kaya, kuma babu shakka ta cancanci yabo ta fuskar sauƙi, domin wanda bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya kammala tsarinsa na farko a zama ɗaya, ga shi tana aiki da dubban manhajoji.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin kuɗi. Zapier tana ƙirga kusan kowane mataki da ya gudana cikin nasara a matsayin aiki guda, don haka misalin da na kawo yana cin ayyuka 3 a kan kowane abokin ciniki, wato oda 1,000 a wata za ta zama ayyuka 3,000. Tsarin kyauta ayyuka 100 kacal yake bayarwa a wata, kuma mataki ɗaya ya yarda a ɗora bayan abin da ya tayar da aikin. Ma'ana, yadda ciniki ke bunƙasa haka kuɗin ke hawa, abin da mai sayen manhajar ba ya lura da shi a ranar da yake murnar gwaji. Akwai kuma wani abu da na koya da kaina, wanda ba laifin manhajar ba ne: fom ɗinmu yana karɓar sunan mutum ɗaya sau biyu, ita kuwa ta yi ta maimaita kuskuren cikin sauri har sai da muka gyara fom ɗin.

Wanda aikinsa ke da rassa da sharuɗɗa masu yawa zai fi samun biyan buƙata a Make, wata manhaja mai irin aikin Zapier wadda aka sani da Integromat kafin 2022. Kamfanin da ba ya son bayanan abokan cinikinsa su fita daga hannunsa ya duba n8n, wadda ake iya girkawa a sabar kamfani, wato kwamfutar da ke ajiye bayanansa, muddin yana da ƙwararren da zai kula da ita. Ofishin da ya riga ya dogara da Microsoft 365 kuwa, Power Automate ta fi kusa da shi.

Ni dai na bar wa Zapier ƙananan ayyukan da ba sa yawan aukuwa, odar kaya kuma na mayar da ita Make.