Gargaɗi ga masu tsohuwar mota a Sakkwato: kada a ruɗe ku da "lambar ta mutu"

Jama'a, ku yi hattara da wasu mutum biyu da ke zagaya unguwanni suna sayen matattun motoci. Raina a ɓace yake. Naira 370,000 suka ci wa wani dattijo maƙwabcinmu a Mabera, tsohon malamin makaranta, ban da 25,000 da suka zare a gabansa da sunan "kuɗin soke lamba". Jimla 395,000 ke nan. Kuma kuɗin ma su ne ƙaramin abin. Sati uku bayan an ɗauke motar aka zo ƙofar gidansa ana nemansa, wai an tare wata Golf a hanyar Illela ɗauke da lambarsa, direban ya tsere ya bar ta. Mutumin da bai taɓa mallakar Golf ba!

Motarsa Peugeot 406 ce, ta fi shekara huɗu a kafe gindin dogon yaro, inji ya buga, tayu sun zauna, takardu duk sun ƙare. Masu gwangwan na gaskiya sun taya ta 300,000. Waɗanga suka zo suka ce 520,000. Kada wani ya ce ai daga nan ya kamata a gane. Duk wanda ya san harkar ya san idan aka yanka 406 aka sayar da giyabos daban, lagireto daban, ƙofofi, gilasai, fitilu, kik da altaneta, ga indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuɗin na iya kai haka. Farashin bai fita hankali ba. Ni kaina da aka faɗa mini cewa na yi ciniki ya yi kyau, abin da ke ƙara ƙona mini rai ke nan, domin mota ce sana'armu.

Abin da na kasa cirewa daga kaina shi ne lokacin da ɗansa ya ɗauko sukundireba zai kwance lambar. Ya riga ya durƙusa gaban motar. Sai babban cikinsu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bari, ƙanena. Baba, mi za ka yi da lambar da ta mutu? Mu za mu kai ta ofis a soke, kada gobe a bi ka bashin shekara huɗu." Yaro ya miƙe, ya mayar da sukundireba aljihu. Shi ke nan. Sukuru huɗu ne, biyu gaba biyu baya, minti biyar bai cika ba da an gama. Ya riga ya durƙusa!

Ku ji da kyau, domin nan ne ƙaryar take. Abin da ke ƙarewa duk shekara takardu ne: lasin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora, wadda tun Janairun 2023 mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000. Ita lambar ƙarfen ba ta da ranar mutuwa. Tun sabuwar lambar da aka fito da ita a 2011, ana shigar da ita kundin Road Safety tare da sunanka, adireshinka, lambar wayarka, lambar inji da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17. Ko motar ta zama tukunya a hannun maƙera, idan aka buga lambar a kwamfuta sunanka ne zai fito. Shi ya sa ɓarawon mota ke son irin wagga lamba. Ta gaske ce, duk wanda ya bincika zai ga tana da rajista, ga kuma takardun asali a haɗe. Sai a ɗaura ta a motar sata ko wadda aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba takardar kwastan, a yi ta aiki, ranar da asiri ya tonu a bi adireshi. Lambar gida mai shuɗin rubutu ma ta fi yi musu daɗi, don ba ta jan ido kamar jar lambar haya.

Na tsallake maganar kuɗin. A ranar farko, kafin ranar janwe, sun zo sun duba mota, sun yi sallar La'asar a masallacin unguwa, sun ba da kafin alƙalami 150,000 a hannu. Daga ciki suka ce a mayar musu 25,000 na soke lamba, saura 125,000. Babu rasit. Washegari da yamma, bankuna sun tashi, suka zo da janwe, suka ce sun tura ragowar. Wayar Baba ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan bankinsa, 370,000. Alat na bogi ne. Sai da ɗansa ya je wurin mai POS zai ciro kuɗi da dare aka ce babu komai. Aka kira, suka ce matsalar natwok ce, a jira awa ashirin da huɗu. Kwana na biyu layin a kashe. 370,000, kuɗin da ya yi niyyar gyara rufin ɗakinsa kafin damina.

Masu cewa Baba ya yi sakaci, ku faɗa mini me bai yi ba. Ya nemi katin shaida, sun nuna, ya ɗauki hotonsa, daga baya aka gano hoton fuskar liƙa shi aka yi. Ya kira shaidu biyu. An rubuta takardar ciniki. Inda aka samu ɓaraka, takardar ba ta ɗauke da lambar shasi ko lambar inji, ba ta ce an sayar da motar don yanka ba, kuma kwafi ɗaya aka yi, su suka tafi da shi tare da ainihin takardar mallaka. Shi ya sa da aka zo bincike ba shi da abin nunawa sai bakin shaidu. Kwana uku dattijon nan yana zirga-zirga, sai da aka kai ga rantsuwar kotu da hotunan motar a kafe waɗanda jikarsa ta taɓa ɗauka, kafin a yarda da shi. Har yanzu idan ya tuna sai ya ce, "Yaron ya riga ya durƙusa, ni na ce ya bari."

Ina da hoton alat ɗin, da hoton katin, da bidiyon da wani yaro ya ɗauka lokacin da janwe ke jan motar. Zan sa su da zarar masu bincike sun ba da izini. An ce mini sun taɓa tayin wata mota wajen Arkilla, kuma ɗayansu yana da tabo a gira ta hagu.

In za ka rabu da tsohuwar mota, kwance lambarka da hannunka kafin a ɗaura igiya, gaba da baya. Kada ka ba mai yanka takardun asali, kwafi ya ishe shi. Takardar ciniki a yi biyu, da lambar shasi, lambar inji, kwanan wata da sa hannun shaidu, a rubuta ƙarara cewa don yanka ce. Lambar kuwa, kai da ƙafarka za ka je ofishin lasin mota na jiha ka tambayi yadda za a rufe ta ko a mayar kan wata motarka, ka karɓi shaida a rubuce. In mai saye hawa zai yi, a yi canjin mallaka kafin ka saki makulli. Saƙon waya ba kuɗi ba ne, duba asusunka da kanka, kuma a yi ciniki da rana bankuna na buɗe. Duk wanda suka zo wa, ya riƙe su da hira ya aika a kira 'yan sanda.