Buhun da ya kamata maharbin elk da barewa ya saya a yammacin Amurka

Duk wanda ya taɓa kayar da namijin elk, wata babbar dabba dangin barewa, a duwatsun jihar Kolorado ko Montana cikin watan Satumba, lokacin farautar kwari da baka, ya san cewa wahalar tana farawa ne bayan dabbar ta faɗi. Namijin yakan haura kilo 300, fatarsa kuma mai kauri ce da ke riƙe zafin jiki kamar bargo. Idan ba a feɗe shi da wuri ba, aka raba cinyoyi da karfatu aka rataye su a inuwa, naman da ke manne da ƙashin kwatangwalo da na wuya ne zai fara yin bashi, alhali daga waje yana da kyan gani. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa muddin zafin nama ya wuce digiri 4 a ma'aunin Selsiyas, dokokin waɗannan jihohi kuma suna hukunta maharbin da ya bari nama ya lalace a daji. Abin da ake nema daga buhun da ake saka naman a ciki shi ne ya bar iska ta ratsa, ya kuma hana ƙudaje da rina kaiwa ga naman.

Leda ba ta cikin lissafi, domin tana kulle zafi da gumi ne. Buhun shara-shara mai arha kuwa, ƙuda yana iya saka ƙwai ta ramukansa, ƙashi kuma yana keta shi. Na auduga mai kauri yana da ƙarko, amma idan ya sha jini sai ya yi nauyi ya ƙi bushewa, kuma wanda zai yi sawu huɗu ko biyar da nama a bayansa ba ya neman ƙarin kaya.

Zaɓina shi ne buhun zaren roba mai ƙaramar saƙa, irin wanda kamfanonin Caribou Gear da Argali suke yi. Ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, yana kuma barin bayan nama ya yi ɓawon nan mai duhu da ke kare shi. Igiyar bakinsa tana ɗaukar cinya guda a rataye ba tare da ɗinkin ya farke ba, kuma ana wanke shi a sake amfani da shi shekara da shekaru, abin da ke rage zafin tsadarsa. Wanda ya haɗa da fesa ruwan sinadarin tsamin lemo a kan naman kafin ya saka shi ciki ya ƙara samun sauƙin ƙudaje. Ga barewa guda, ƙananan buhuna sun wadatar.

Sai dai kasuwar intanet ta cika da jabu, kuma ni ma na ɗanɗana. Na taɓa sayen wasu masu arha da aka rubuta cewa iska tana ratsa su, ashe an shafa wa yadin wani abu mai hana ruwa shiga. Kwana ɗaya kacal cinyar ta yi a rataye, da safe na buɗe sai wari ya tare ni, dole na zubar da kusan rabinta. Masu wannan ha'inci sukan kwafi hotunan kamfanonin gaskiya, su sauya harafi ɗaya a cikin suna, su kuma ƙara wa buhu girman da ba shi da shi. Idan kayan suka iso, a kafa baki a jikin yadin a hura: in iska ba ta fita ta ɗaya gefen ba, a mayar. A juya cikinsa a duba ko ɗinkin ninki biyu ne, a auna tsawonsa da awo, sannan a cika shi da kaya masu nauyin kilo 30 a rataye shi a gida kwana guda tun kafin lokacin farauta ya zo.