Maza zalla ko namiji ɗaya da mata uku? Amsa ga mai sabon tankin gupi

Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka, wuta ce ba mu da ita waya ta mutu, shi ya sa sai yanzu. Ka ce ka haɗa sabon tanki mai cin lita 60, yau kwana biyar da zuba ruwa, mai sayar da kifi ya ba ka gupi shida, maza huɗu mata biyu, kuma tunda ka sake su mazan nan ba su bar matan sun sarara ba, ɗayar ma ta shige bayan filta, wato na'urar tace ruwan, ta lafe ko abinci ba ta fitowa ci. Shi ne kake tambaya ka ƙaro mata ne ko ka mayar da waɗannan biyun ka zauna da maza kawai.

Duka biyun na gwada, kuma a tankinka dai ni maza zalla zan ce maka, amma bari in jera maka su ka gani da idonka.

Abin da mazan suke yi ba ciwo ba ne ba kuma yunwa ba, halinsu ne. Gupi da moli da filati da mai wutsiyar takobi duk dangi ɗaya ne, ba sa zuba ƙwai kamar tarwaɗa, haihuwa suke yi, 'ya'yan su fito da ransu suna iyo. Namijin kuwa ba shi da wani aiki daga safe zuwa dare sai bin mace. Ka tsaya minti biyar gaban gilashin za ka ga yadda yake shan gabanta, ya lanƙwasa jiki kamar baka, ya baza wutsiya yana karkarwa, in ta juya masa baya ya zagayo ta ƙasa. Namiji ɗaya kenan. Kai kuma huɗu ka tara wa mata biyu, wannan ya gaji wancan ya karɓa, ita kuwa ba mai canjinta. Shi ya sa masu kiwo suke cewa kowane namiji a ba shi mata biyu ko uku, don wahalar ta rabu, yana bin wannan waccan tana cin abinci. A hakan da kake yanzu macen nan ramewa za ta yi, ta tsuke fiffikenta, daga nan ciwon farin ɗigo ya kama ta ko ka wayi gari ka tsince ta a ƙasan tanki.

To mu ce ka bi shawarar ƙaro mata. Maza huɗu na buƙatar mata takwas a ƙalla, kifi goma sha biyu kenan a tankin da bai yi sati ba. Nan ne matsalar da ta fi ta aure girma. Sabon tanki ruwa ne kawai da gilashi, ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin kifi ba su zauna a soson filta ba tukun. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, shi ma guba ne, sai wasu kuma su mayar da shi naitiret wanda shi ne mai sauƙi, kana rage shi da canjin ruwa. Kafin wannan ya kankama sai an yi sati huɗu zuwa shida. Ruwan zai yi maka garau kamar na gora amma yana ƙona musu wurin da suke numfashi da shi a gefen kai, ka ga suna hawa sama suna haki ka ɗauka iska ce ta yi kaɗan. Kifi shida ma a yanzu kaya ne, balle ka ninka.

Idan kuma maza zalla ne, ka ga rage kifi za ka yi, huɗu su rage a tankin, datti ya ragu a daidai lokacin da ake son ya ragu. Wannan kaɗai ya isa ya sa na karkata can.

Ta fuskar kyau ma babu haɗi. Namijin gupi ƙarami ne, santimita uku ko ɗan sama da haka, amma shi ne mai launi da babbar wutsiya, macen ta fi shi girma tana kai biyar zuwa shida, jikinta toka-toka sai ɗan launi a wutsiya. In don ado ka ajiye tankin a falo baƙi su gani yara su yi kallo, tankin maza ya fi ɗaukar ido nesa ba kusa ba. Sai dai fa kar ka zaci in babu mata za su zauna lafiya lau kamar 'yan makarantar allo gaban malam. Za su riƙa yi wa juna wannan rawar, su kori juna, wani lokaci har su ɗan yagi wutsiya. In biyu ne ko uku, babban zai sa wa ƙaramin ido ya hana shi sakat. Daga shida zuwa sama abin yana watsuwa, ba wanda ake tarar wa. Don haka huɗunka su fara zama, in tanki ya nuna bayan sati shida ka ƙaro biyu ko uku su cika shida ko bakwai, ka sa ciyawar ruwa da ɗan dutse ko fasasshen tukunyar ƙasa inda wanda aka kora zai ɓuya.

Gaurayen kuwa daɗinsa daban ne, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da na fara ganin jariran gupi, wasu 'yan mitsi-mitsi ido kawai ake gani, sun maƙale a cikin ciyawa can sama, sai da na kira duk mutanen gidan. Amma ka yi lissafi. Cikin gupi sati uku zuwa huɗu ne, ta haihu ta sake ɗauka, babbar mace tana iya zubo ashirin zuwa hamsin a haihuwa ɗaya. Ko ashirin-ashirin ka ɗauka, mata uku sittin kenan duk wata, kuma 'ya'yan a wata biyu zuwa uku su ma sun fara. Iyayen suna cinye wasu, gaskiya ne, gupi ba ta san ɗanta ba, amma in akwai ciyawa masu tsira sun isa su cika maka lita 60 kafin wata huɗu. Ni da namiji ɗaya da mata uku na fara, kafin in farga har bahon wanki na zuba wa kifi, na bi abokai ina roƙo su karɓa, wanda ya sayar min da iyayen kuma ya ce shi ba ya sayen ƙanana. Kuma don Allah in sun yi yawa kar a zuba a kwata ko kududdufi, asalinsu can Kudancin Amurka ne wajen Benezuwela da tsibirin Tirinidad, an kai su ƙasashe da yawa don su ci tsutsar sauro, kuma duk inda suka samu ruwa mai ɗumi mamayewa suke yi su takura wa ƙananan kifin wurin.

Wani zai ce to a ajiye mata zalla mana, ba bi ba haihuwa. Hutun kam za su samu, tankin mata ya fi kowanne natsuwa. Amma haihuwa tana nan, don macen wannan dangin tana ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, ta yi ta haihuwa bi da bi ba tare da ta sake ganin namiji ba. Matanka biyun nan da suka fito daga tankin mai kifi inda kowa ke haɗe, ka ɗauka kawai suna da ciki. Ka duba bayan cikinsu kusa da wutsiya za ka ga wani baƙin tabo, in ya yi duhu sosai cikin kuma ya yi kwana-kwana kamar akwati, haihuwa ta kusa.

Ka ce kana sha'awar ƙara moli ko mai takobi nan gaba. A lita 60 ka haƙura da su. Moli na kai santimita goma, ga ci ga kashi, namijinta kuma ya fi na gupi naci da ƙarfi, tana son lita 100 ko kusa da haka. Mai takobi shi ma haka, maza biyu a ƙaramin wuri faɗa za su yi ta yi har ɗaya ya lalace, ga tsalle, in ba murfi za ka same shi a kan tayil da safe. Filati ne kaɗai zai shige maka, gajere ne mai sanyin hali, sai dai shi da mai takobi suna barbarar juna, kuma namijin gupi in bai samu tasa ba har macen filati yana bi. In za ka sa filati a tankin maza to shi ma namiji. Wurin gane su kar ka dogara da launi ko bakin mai sayarwa, fiffiken ƙasan ciki za ka duba, na mace a buɗe yake kamar ƙaramin mafici, na namiji a naɗe yake siriri kamar tsinke yana kallon baya. Ƙananan da ba su balaga ba duk kamar mata suke, nan ne ake shigo da "mace" bayan wata ɗaya ta zama namiji.

Yau ko gobe ka mayar da matan biyu ko ka ba wani mai tsohon tanki. In ba hali, ka raba tankin da raga su zauna gefe guda. Sati shidan nan kar ka ƙara ko kifi ɗaya, abinci sau ɗaya a rana ɗan abin da za su cinye a minti ɗaya, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu. In ruwan famfo ne ka sa maganin kashe kulorin, in na burtsatse ne yawanci ba ya buƙata, kuma in mai ɗan gishiri-gishiri ne su wannan dangin sun fi son irinsa. Soson filta kuwa kar ka wanke shi a famfo, ka matse shi cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin, in kuma kana da abokin da tankinsa ya daɗe ka roƙi guntun tsohon sosonsa ka cusa a naka, yana rage kwanakin jira sosai. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28 na Selsiyos suke so, da hunturu ka nemi hita ko ka janye tankin daga bakin taga. Sannan kafin ka mayar da matan ka ɗauko hoton kifin nan shida daga gefe ka turo, ina so in ga fiffiken wadda ta ɓuya bayan filta.