Fulot ɗin tankin ruwa da muka sa a Kubwa: kaya ne mai kyau, amma a haɗa shi da kontakta

Masu tambayata kan otomatik ɗin nan na tankin ruwa, wato fulot, ga abin da na gani tun da aka sa mana shi kafin faɗuwar damina. Kaya ne mai kyau wallahi, ko gobe ya lalace zan sake saye, amma fa rabin kyansa a hannun wanda ya haɗa maka shi yake, shi ya sa wani zai ce maka alheri ne wani kuma ya ce shi ya ƙona masa sumo, wato injin da ake zurawa cikin bohol yana turo ruwa, kuma dukansu gaskiya suka faɗa.

Mu a Kubwa muke, bohol muke sha kamar yawancin gidajen layinmu, sumo mai ƙarfin doki ɗaya da tanki lita 2000 a kan ƙarfe. Gida ne na mutane da yawa, kowa ya iya kunnawa ba mai tunawa ya kashe, musamman in an kawo wuta tsakar dare, wani ya tashi ya danna ya koma barci, sai da asuba ka fito masallaci ka tarar ruwa na ta zuba tun daga sama, katanga duk ta yi kore, ƙafafun ƙarfen sun fara tsatsa, ƙofar gidan maƙwabciyarmu ta zama taɓo. Baiwar Allah nan babbar mace ce, ba ta taɓa ɗaga murya ba, sai dai ta turo jikanta ya ce "Baba, Hajiya ta ce tankinku ya cika", ni kuma kunya ta ishe ni. Ga kuɗin wuta, doki ɗaya wajen wat 750 ne, kusan yunit guda ke nan duk awa, kuma tun watan Afrilun 2024 da aka kai wutar Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit mutane suka koyi kallon mita, ko ba a Band A kake ba ka san awa uku na ambaliya ba wasa ba ne. Balle ruwan kansa, ana zubar da shi a ƙasa alhali ga masu kura can suna turawa a rana suna sayar da jarka, abin ba daɗi.

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na saya, tunda ba nisa daga nan. Abu ne ɗan ƙarami na roba, girmansa bai wuce tafin hannu ba, da doguwar baƙar waya da wani ɗan dunƙule mai nauyi da ake zura wa wayar. In ka girgiza shi za ka ji ƙwallon ƙarfe na gangarawa a ciki, ƙwas-ƙwas, wannan ƙwallon shi ne duk aikin, in ruwa ya yi ƙasa fulot ɗin ya rataya kansa ƙasa sai ƙwallon ya gangara ya danne makunni inji ya tashi, in ruwa ya cika ya ɗago shi sama sai ya koma ya saki inji ya mutu. Dan Allah irin mai ƙwallon nan za ka nema, akwai tsohon yayi mai sinadarin makuri a ciki, wannan ba na ruwan sha ba ne sam. Sannan ka duba tsawon waya, ana samun mai mita 2, mai 3, mai 5, ka ƙara kuɗi ka ɗauki doguwa. Kuɗinsa gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon sumo ba.

Mai shagon ya so ya haɗa ni da wancan ƙwallon mai sanda irin na tankin bandaki, wai ya fi araha. Wancan na ruwan famfon gwamnati ne, shi fayif kawai yake toshewa, bai san da zaman inji ba, in ka sa shi a kan sumo tanki ya cika ya toshe hanya inji na can na ta turawa ba mafita, ko fayif ya fashe ko injin ya gaji. Kar wanda ya yarda a sa masa shi a madadin fulot.

Toh inda nake so a tsaya a saurara shi ne wajen haɗawa. Mai gyaran wutar da ya yi mana dattijo ne, kafin ya hau sama sai da ya zauna a ƙasa ya fere wayoyi uku da ke cikin baƙar wayar fulot ɗin ya sa mitarsa ta gwada wuta yana juya fulot ɗin a hannu, sama, ƙasa, sama, ƙasa, yana sauraren ƙarar mita. Na ce Malam ai ga takarda nan ta nuna kala, ya ce "Alhaji kowane kamfani da kalarsa, ni mita nake yarda da ita." Ashe waya ɗaya ita ce uwa, ɗaya ta cika tanki ce, ɗaya kuma ta kwashe ruwa, in aka juya su sai injin ya riƙa tashi lokacin da tanki ya cika ya mutu lokacin da ba ruwa. Wadda ba a yi amfani da ita ba ya naɗe ta da salatif tsaf don ita ma wuta na zuwa mata.

Sai maganar kontakta, wato babban makunnin da ake sawa tsakanin fulot da inji, wadda ita ce dalilin wannan rubutun nawa ma. Da yawa masu haɗawa don su gama da wuri su karɓi kuɗi sai su bi da wutar injin gaba ɗaya ta cikin fulot ɗin, su ce ai an rubuta amfiya 10 ko 16 a jiki. Eh an rubuta, amma inji lokacin da zai tashi yana fizgar wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in yana tafiya, kuma ɗan makunnin da ke cikin robar nan ƙarami ne ƙwarai, kullum yana shan tartsatsi, wata rana sai ya narke ya manne, in ya manne a kunne kuwa ka koma gidan jiya, ambaliya, kuma wannan karon ba wanda ma ke sa ido don kowa ya saki jiki akwai otomatik. Da kontakta fulot ɗin saƙo kawai yake aikawa, ita ke ɗaukar nauyin wutar. Namu a ɗan akwati aka sa ta a ƙasa kusa da bireka, in ta kama za ka ji ƙas ɗinta daga tsakar gida. Kuma dattijon nan bai yarda ya yi haɗin waya ko ɗaya a cikin tanki ba, duk a waje cikin akwati mai murfi, wayar kuma ya bi da ita ta cikin fayif saboda ranar Abuja na cinye roba. Wuta ce mai ƙarfin bolt 220 a cikin ruwan da yara ke wanka da shi, ba wurin neman sauƙi ba ne, in da hali ma a sa irin birekar nan da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara.

Shi kuma ɗan nauyin nan shi ke saita tazara. In ka matso da shi dab da fulot, da an ɗebi bokiti biyu inji ya tashi, ya mutu, ya tashi, wannan na kashe inji da kafasita. In ka nisanta shi da yawa sai tanki ya kusa ƙarewa kafin ya kunna, kuma a ƙasar nan wannan matsala ce babba da ba a faɗa wa mutane, don za a iya kawo wuta tanki na rabi fulot ya yi shiru abinsa don a wurinsa da sauran ruwa, a ɗauke wutar, zuwa yamma ku nemi ruwa ku rasa. Mu an saita mana ya tashi in kamar kashi ɗaya cikin uku ya tafi, sannan aka ƙara makunni na hannu a gefe, in na ga alamar wutar ba za ta daɗe ba sai in cika shi da kaina. Makunnin nan ya yi mana rana wajen janareto ma, don in ba ka da hanyar kashe otomatik ɗin, kana zaune ana kallo da ƙaramin jen sai sumo ya tashi da kansa jen ya shaƙe.

Abin da ban so a tattare da shi ba, kuma dole in faɗa, shi tanki kawai ya sani, bai san halin da rijiya ke ciki ba. Wajen Maris da Afrilu bohol da yawa na ja baya, tanki ba zai cika ba, fulot ba zai kashe ba, sumo kuma ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi, in ya yi ta juyi a bushe ƙonewa zai yi. Wanda ruwan bohol ɗinsa ke yankewa da rani ya sa a ƙara masa na'urar da ke kashe inji in ba ruwa, ko ta saita lokaci. Masu tankin ƙasa da na sama kuma fulot biyu za su saya, na ƙasan a haɗa shi ta ɗaya wayar don ya hana inji tashi in tankin ƙasa ya ƙare. Haka in bandaki na yoyo ko yaro ya bar famfo a buɗe, da can ruwa zai ƙare ka gane, yanzu kuwa inji zai yi ta cikawa shiru sai dai ka ga yunit na gudu, don haka in ka ji kontakta na kamawa tsakar dare ba mai amfani da ruwa, tashi ka zaga bandakuna.

Ranar da za a sa maka, ka tsaya a gwada a gabanka har tanki ya cika ya kashe da kansa kafin ka biya kuɗin aiki, ka leƙa ka tabbata fulot ɗin na nesa da bakin fayif ɗin da ruwa ke zubowa don kar ruwan ya riƙa wujijjiga shi ko wayar ta naɗe a jiki, kuma hudar da aka yi wa wayar a toshe ta sosai saboda sauro da ƙurar hunturu.