Gargaɗi ga matan Agege: mai "kayan zamanin Kingsway" ɗan damfara ne

Jama'a, musamman matan Agege da Idi-Araba da Mile 12, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp yana tallar abin da ya kira "kayan zamanin Kingsway", wato irin kayan da ake sayarwa a zamanin tsohon babban kantin nan na Kingsway. Ɓarawo ne da rana tsaka. N420,000 ya cinye mini. N420,000! Kuma rabin kuɗin ba nawa ba ne, na matan adashinmu ne da suka ce in haɗa odarsu da tawa.

Kafin wata ta fara cewa kwaɗayin araha ne ya ja mini, to ba araha ya saka ba. Farashinsa ma ya ɗara na kasuwa. Kuma sana'ata ce sayar da kayan kicin da na aure, in na ƙwanƙwasa langa da yatsa na san mai nauyi da gwangwanin da aka shafa wa fenti. Ba jiya na zo Legas ba.

Har ƙofar shagona ya zo, da jallabiyarsa fes da carbi a hannu. Ya buɗe ɗan gwangwanin mantaleta, ya ce in lakata in shafa a bayan hannuna. "Hajiya, shinshina ki ji. Ko ba wannan Inna take shafa miki a ƙirji ba idan mura ta kama ki?" Wallahi shi ne. Har idona ya kawo ruwa don yajinsa. Tun da abin ya faru wannan maganar nake ta juyawa a raina, "Hajiya, shinshina ki ji." Na shinshina, kuma na gaske ne, to me zan yi zargi? Sai ya fito da kwalbar Bintu Sudan, ya ce tun 1920 ake yin turaren nan, mai ne zalla ba giya a ciki, shi ya sa iyayenmu suke salla da shi a jiki. Ya ce kantin Kingsway na Marina a 1948 aka buɗe shi, sabulun Sunlight kuma tun zamanin Turawa aka fara yin sa a Apapa. Ɗana ya duba a waya, duk haka ne. Mutumin ya yi haddar darasinsa.

Kuma na yi masa tambaya, kada a ce ban yi ba. Na ce, "Malam, Kingsway ta rufe tun ina yarinya, ai magani ba ya kwana shekara da shekaru a sito." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya kin san kaya. Ba tsohuwar ajiya ba ce, tsohon haɗi ne, irin wanda ake fitarwa waje." Na ce masa ban da ƙwayar maganin ciwon kai ta APC irin ta da, don sinadarin phenacetin da ke cikinta an daina sa shi a magani saboda yana lalata ƙoda. Ya ce shi ya sa bai ma kawo ba.

Af, na tsallake. Kafin wannan duka ya taɓa kawo mini katan guda bashi, bai karɓi ko sisi ba sai da na sayar. Kaya masu kyau, mata suna ta dawowa nema. Daga baya ne ya zo da zancen Idumota, wai tun da NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta can a watan Fabrairun 2025 ubangidansa ya shiga matsi, yana son ya rabu da kaya a tsaye. Rufewar gaskiya ce, kowa a Legas ya ji labarinta. Na tura N150,000 kafin alƙalami, ranar kawo kaya na cika N270,000. Ko dai na cika ne tun da daddare, mai Keke Marwa ya sauke da safe, zan duba alat ɗin. Jimla dai N420,000.

Layin sama na kowane katan na gaske ne. Daga na biyu zuwa ƙasa, mantaletar basilin ce da aka cuɗa da kafur, murfin ma ba ya zama daidai. Bintu Sudan ɗin man gyaɗa ne da kala, in kin shafa sai ƙarni. Sabulun kuwa soda ce ta yi masa yawa, maƙwabciyata ta yi wanki da shi tafin hannunta ya saɓule. Samirar da ya ce mai nauyi ce, da babban yatsa na lotsa murfinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, lambar NAFDAC ɗin da ke jikin mantaletar ita ce dai a jikin ruwan gripe na jarirai. Lamba ɗaya, kaya biyu.

Wayarsa a kashe. Shagon da ya kwatanta mini a Idumota, da aka je mai sayar da takalma aka tarar. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ma ba wanda ya faɗa mini ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Na kai ƙara, an ce in jira. Hoton alat biyun, da saƙonnin muryarsa, da hoton kayan, duk suna nan, zan saka su anjima idan ɗana ya rufe lambobin da ke jiki.

Kada ku biya sai kun zazzage katan har ƙasa, kuma ku duba lambar kaya a manhajar Greenbook ta NAFDAC.

Matan adashi, kuɗinku yana wuyana, zan biya ko da sai na sayar da ɗan kunnena, ba sai an riƙa aiko mini da habaici ba. N420,000, mutumin da ya ci tuwo a gidana ya yi wa 'ya'yana addu'a. Allah ya isa. Duk wadda ta karɓi ruwan gripe daga hannuna a makon jiya, don Allah kada ta ɗiga wa yaro, ta dawo mini da shi yau.