Kafintan Liyon da ƙarƙashin matakalarmu

Ƴan uwa na Maraɗi, ina gaishe ku daga birnin Liyon na ƙasar Faransa. Gidan da muke haya a nan ɗakunan kwana suna sama, falo da kicin suna ƙasa, matakalar katako kuma a gefen falon. Irin wadda ake hango ƙasa ta tsakanin tako da tako ce, ƙarƙashinta fili fetal. Tun da autarmu ta fara rarrafe hankalin uwargida bai kwanta ba. Ga takalma da akwatuna da buhun shinkafa sun taru a wurin, su ne farkon abin da baƙo yake gani. Sai muka ce a rufe, a yi ƙofa da kantoci.

A nan ɗan haya ba ya sauya fasalin gida sai da izinin mai gida a rubuce, haka dokar haya ta 1989 ta ce. Na aika wasiƙa, na zauna jira. Da amsa ta zo sai neman kafinta. Wannan ya ce hannunsa cike yake har wata mai zuwa, wancan ya ce aikin ya yi masa ƙanƙanta, wani ko wayar ba ya ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da a Sabon Gari nake, kafin la'asar an kawo mini kafinta a kan kabu-kabu.

Wanda ya yarda daga ƙarshe dattijo ne, ya zo daidai lokacin da ya faɗa. Bai taɓa ma'auni ba sai da ya tambaye ni abin da za a ajiye a wurin. Na lissafa masa, har da tukunyar gas da muke ajiyewa don ko-ta-kwana. Nan take ya girgiza kai. Ya ce ba zai rufe gas cikin akwatin da ba iska a ƙarƙashin matakala ba, ko nawa zan biya shi. Ya nuna sama da hannu ya ce, yaranka a can suke kwana, wannan ce kaɗai hanyarsu ta sauka, hayaƙi kuma sama yake bi. Na yi shiru. Mutumin nan a shirye yake ya bar aikin da kuɗinsa saboda ƴaƴan baƙon da bai taɓa gani ba.

Sa'annan ya shiga awo. Da milimita yake rubutawa, kuma kowane gefe sai ya auna shi ƙasa da tsakiya da sama, don a cewarsa babu bangon da yake miƙe sak. Wurin da matakala ta yi ƙasa, inda mutum ba ya shiga sai da rarrafe, ya ce durowa masu tayoyi za a sa, a jawo su waje a ɗauki abin da ake so. Wurin da ya fi tsawo ya ba shi ƙofa. Ya zana ƴar taga mai raga a ƙasan ƙofar da wata a sama, don kada laima ta sa kaya su yi fumfuna. Ya ga wurin jona wuta a bango, ya ce ba za a binne shi a bayan katako ba. Tsakanin takun kuma ya ce a toshe da falanki, kada ƙafar yarinya ta zurma. Duk wannan kafin a yi maganar kuɗi.

Maganar kuɗin ce ta tayar mini da hankali. Takardar ƙiyasi ta zo, kowane falanki da kowane ƙarfe da farashinsa, ladan aiki daban, harajin kashi 10 cikin 100 da ake ɗora wa gyaran gidan da ya wuce shekara biyu shi ma daban. Jimilla ta haura yuro 1000. Ku lissafa da kanku, yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, wato sama da jika 655 don rufe lungu guda. Na ce masa a duba a rage. Ya ce in ina son kuɗi ya sauka sai dai aiki ya ragu, a cire durowa ɗaya. Babu albarka, babu sallama, babu "kawo abin da kake da shi". Tsadar nan ce ta sa yawancin mutane suke yi da hannunsu. Ranar Asabar shaguna irin su Leroy Merlin da Castorama cike suke, ka kai awonka a takarda a yanka maka katako, ka koma gida ka yi ta fama kai kaɗai. Maƙwabci ba zai leƙo ya ce sannu da aiki ba, sai dai ya tuna maka cewa ranar Lahadi ba a ƙarar inji sai ƴan sa'o'i kafin azahar.

Amma ranar da aka kawo kayan na ga inda kuɗina ya tafi. Kowane falanki da lambarsa, an yanke shi tun daga shago. Ba a fere ko ɗaya ba, ba a cusa guntun katako don cike giɓi ba. Ya shimfiɗa ƙyalle kafin ya fara, ya share wurin da ya gama, ya ba ni rasit.

Ina kallonsa ina tuna benayen da ake ta ɗagawa a unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya na Maraɗi. Alhaji zai kashe miliyoyi a fuskar gida, amma matakala ido ne ma'auninta: wannan tako gajere, na gaba dogo, tsoho yana hawa yana salati. Sau da yawa ba madafi, rodi tsirara a gefe, a ce sai an samu sarari. Ƙarƙashinta kuma ya zama juji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jarkar mai da aka saya wajen ƴan ruwa-ruwa, ga janareta, ga tukunyar gas, duk a lungu ɗaya, an ja labule, a gidan da tagoginsa na sama duk ƙarfe ne. Muna cewa Allah ya kiyaye, kuma Shi ne mai kiyayewa, amma mu muka ajiye man a can. A Faransa tun 2015 dole ne kowane gida ya sa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Mu ko tambayar da dattijon nan ya yi mini ban taɓa jin wani mai aiki ya yi wa mai gida ba. Mu ma masu ba da aikin da laifinmu. Mai walda ya faɗi kuɗin ƙarfe mai kauri, mu murƙushe shi da ciniki har ya koma ga marar kauri, mu ƙi rubuta komai don wai kunya, gobe kuma mu ce ya ci amana.

Duk da haka ina kewar masu aikinmu. Dattijon nan ko ruwa bai sha a gidana ba. A gida kafinta yana zuwa da yaransa, a ɗora shayi, a kawo fura, a yi sallah tare, in kuɗi ya gaza ya jira ka har kaka. Hannunsu kuma ba ya kasawa. Masu waldar Maraɗi da suke ƙera ƙofa da amalanke daga tsohon ƙarfe, wannan ɗan lungun ba zai gagare su ba.

Yaya, na ga hoton ginin da ka turo, Allah ya sa albarka. Kada ka kwaikwayi na nan. Allon farar ƙasa da suke bango da shi ba ya son ruwa, mu kuwa da bokiti muke wanke daɓe, katako kuma gara za ta gama da shi. Ka sa magini ya ja bulo a gefen, ya ɗaga daɓen ciki kaɗan don kada ruwan damina ya shiga, mai walda ya yi ƙofar ƙarfe mai ramukan iska ƙasa da sama, da raga saboda ɓera da kunama. Buhunan gero a ɗora su kan benci, kada su taɓa ƙasa. Ku rubuta awo da kaurin ƙarfe da kuɗi a takarda, kowa ya riƙe tasa. Janareta da mai da gas kuwa, don Allah Yaya, a gina musu ɗan ɗakinsu a tsakar gida, nesa da matakala. Kuɗin wannan ni zan aiko.